Tausar Tafin Ƙafa: Hutu Ake Saya Ko Magani?

A 1913 wani likitan kunne da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, ya kasa jikin ɗan Adam gida goma daga kai har ƙafa. A shekarun 1930 wata mata, Eunice Ingham, ta zana taswirar gaɓoɓi a tafin ƙafa, inda babban yatsa ke wakiltar kai. Daga nan tausar tafin ƙafa bisa wannan taswira ta bazu zuwa gidajen shaƙatawa: a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi, a shafa mai, mai tausa ya riƙa dannawa da yatsa sannu a hankali.

Daɗi kam akwai shi. Sai dai nazarin da wani mai bincike, Edzard Ernst, ya yi a 2009 bai sami gamsasshiyar hujjar cewa tana warkar da wata cuta ba.

To, ya halatta a sayar da hutu da sunan magani? Musulunci ya haramta algus a ciniki. Wanda ya yi wa gajiyayye alkawarin sauke gajiya, ya kuma sauke, guminsa ya ci. Amma wanda ya ce danna tafin ƙafa zai gyara ƙoda, har mai ciwon suga ya ajiye allurarsa, da ran mutum yake wasa, kuma hakkin yana wuyansa.