Faifan Wasan Kai Tsaye: Gyara Nawa Shaida Ke Iya Ɗauka?

Faifan wasan kai tsaye shi ne wanda aka naɗa a lokacin da makaɗa ke kan dandamali a gaban jama'a, saɓanin wanda ake shiryawa a sutudiyo, inda kowane makaɗi ke da damar maimaita sashensa har sai ya gamsu. A duniyar kiɗan rok, wanda ya bunƙasa a Amurka da Birtaniya tun daga shekarun 1950, babu faifan da ke raba kan masoya kamar irin wannan. Wani zai ce ihun 'yan kallo ya danne muryar mawaƙi, wani ya ce ganguna ba su fito ba, wani kuma ya ce sautin ya yi tsabtar da ke sa zargi. A ƙarƙashin wannan ka-ce-na-ce akwai tambayar da ta girmi na'urar naɗar sauti: me ake nufi idan aka ce wani abu ya adana abin da ya faru, kuma gyara nawa zai iya ɗauka kafin ya tashi daga matsayin shaida?

Kafin a taɓa tambayar, sai an san yadda sauti ke shiga faifai. Idan kamfani ne ya ɗauki nauyin aikin, yakan girke mota mai na'urori a bayan zauren, a ja wayoyi zuwa dandamali, kowace makirufo da layinta a kan tef, daga baya a haɗa su a sutudiyo. Hanya ta biyu ita ce a ɗebi sauti daga teburin injiniyan da ke sarrafa lasifikokin zauren. Ta uku kuma ita ce ta ɗan kallo mai ƙaramar rikoda, wanda ke tsayawa cikin cunkoso da makirufo biyu ɗaure a kan sanda, yana kare su daga gwiwar hannun masu rawa. Sautin tebur yakan fito tar, amma a bushe: jama'a kamar ba sa wurin, kuma jitar da ke da nata manyan lasifikoki a kan dandamali takan yi ƙasa-ƙasa, domin injiniya bai buƙaci ƙara ta ba. Kaset ɗin ɗan kallo yana ɗauke da amsa-kuwwar ginin da tafin jama'a, haɗe da surutun wanda ke tsaye kusa da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da abin da kunnen wani ya ji a daren, kuma su kansu mahalartan ba abu guda suka ji ba. Wanda ke gindin lasifikar hagu da wanda ke can saman bene sun halarci wasa ɗaya, amma sautin da ya iso musu ya sha bamban.

Wasannin da The Beatles suka yi a Hollywood Bowl a birnin Los Angeles, cikin watan Agusta na 1964 da na 1965, sun fito da wannan matsala fili. An naɗe su a tef mai layi 3 kacal, kuma ihun dubban matasa ya rufe kusan komai, har su kansu makaɗan da ƙyar suke jin junansu. Furodusansu George Martin ya yi iya ƙoƙarinsa ya fitar da faifan a 1977. A 2016 ɗansa Giles Martin ya sake fitar da shi, bayan an yi amfani da kwamfuta an rage ihun an ɗago kiɗan. Na biyun ya fi daɗin saurare nesa ba kusa ba, sai dai yana jiyar da mutum abin da babu wanda ya ji a wurin. Masoyan da suka fi son na farko suna da hujja, domin ihun yana cikin abin da ya faru.

Live at Leeds na ƙungiyar The Who, wanda aka naɗa a ɗakin cin abincin Jami'ar Leeds ranar 14 ga Fabrairu, 1970, shi ne wanda aka fi kafa misali da shi wajen gaskiya. An sa shi cikin kwali mai launin ƙasa irin na faifan satar fasaha, kuma a tsakiyar faifan an rubuta da hannu cewa ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji babu laifi, kada a gyara shi. Duk da haka waƙoƙi 6 kawai aka zaɓa daga dogon wasan da ya haɗa da kusan dukan jerin waƙoƙin faifansu Tommy. Da aka sake fitar da shi a 1995, an ƙara waƙoƙi, an kuma share ƙaras-ƙaras ɗin. Ke nan ko faifan da ake yi wa kirari da gaskiya ya bi ta hannun mai zaɓe da mai tacewa.

Inda gardama ta fi zafi shi ne Live and Dangerous na Thin Lizzy, ƙungiyar birnin Dublin da Phil Lynott ya jagoranta. Faifan ya fito a 1978, an haɗa shi daga wasannin Landan na 1976 da na Toronto da Philadelphia na 1977, ya kuma kai matsayi na 2 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya. Furodusansa, Tony Visconti, ya ce a sutudiyo aka sake yin mafi yawansa, kimanin kashi 75 cikin 100. A bisa labarinsa, Lynott ya fara da neman gyara 'yan kurakurai a jitarsa, da ya ji gyaran ya yi kyau sai ya sake kaɗa ta gaba ɗaya, sannan ya koma kan murya, sauran masu jita ma suka nemi tasu damar, har ganguna da tafin jama'a ne kawai suka rage yadda suke. 'Yan ƙungiyar sun musanta. Brian Robertson, ɗaya daga cikin masu jitar, ya kawo hujjar da masu sana'ar ke ɗauka da muhimmanci: ƙarar da suke yi a dandamali tana kutsawa cikin kowace makirufo, har ta ganguna, saboda haka in an cire tsohuwar jita an sa sabuwa, inuwar tsohuwar za ta ci gaba da fitowa. Ba su kaɗai abin ya shafa ba. 'Yan ƙungiyar Kiss sun amsa daga baya cewa an yi wa Alive! na 1975 kwaskwarima mai yawa, shi ma Rob Halford na Judas Priest ya amsa cewa ba a dandamalin Japan aka ɗauki muryar da ke Unleashed in the East na 1979 ba.

Masana falsafa sun san wannan matsala da sunan jirgin Theseus. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin yadda mutanen Atina suka adana jirgin ruwan wannan gwarzo, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har malamai suka shiga jayayya kan ko jirgin yana nan ko ya zama wani. Faifan da aka canja wa jita yau, murya gobe, yana cikin wannan hali, kuma babu wanda zai iya nuna ainihin wurin da ya daina zama wasan Landan. Amma rashin sanin inda iyaka take bai soke bambancin da ke tsakanin farkon hanya da ƙarshenta ba.

Masu goyon bayan gyara suna da babban madogara a Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada wanda ya bar wasa a gaban jama'a a 1964 ya koma sutudiyo kacokan. A ganinsa faifai aikin fasaha ne mai zaman kansa, kuma haɗa sassa mafi kyau daga ɗauka daban-daban ba yaudara ba ce, tunda kuskuren da ya wuce cikin daƙiƙa ɗaya a zaure, mai faifai zai riƙa cin karo da shi duk lokacin da ya kunna. A ɗaya gefen akwai tunanin Walter Benjamin, Bajamushen da ya yi rubutu a tsakiyar shekarun 1930 kan abin da aikin fasaha ke rasawa idan na'ura ta kwafe shi, wato kwarjinin da yake samu daga kasancewa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. In aka bi Benjamin har ƙarshe, ko faifan da ba a taɓa ba ya riga ya rasa wannan kwarjini.

Hujjar Gould tana da ƙarfi, amma ba ta kai inda masu kare kwaskwarima ke son kai ta ba. Gould bai taɓa sayar da aikin sutudiyo da sunan wasan dandamali ba. Ya faɗi abin da yake yi a fili, ya kuma kare shi a rubuce. Kalmar "kai tsaye" a bangon faifai da'awa ce game da abin da ya faru: cewa waɗannan mutane sun kaɗa wannan kiɗa tare, sau ɗaya, a wurin da in hannu ya zame babu komawa baya. Wani ɓangare na daɗin da mai saurare ke ji yana fitowa ne daga wannan sani. Idan mai jita ya yi doguwar tafiya shi kaɗai ya sauka lafiya, abin burgewar ya haɗa da kasadar da ya yi. In ta tabbata cewa a kan kujera ya yi ta, bayan gwaji goma, sautin bai canja ba ko kaɗan, amma dalilin yabon ya tafi. Daidaita ƙarar kayan kiɗa da zaɓen waƙoƙi aiki ne kan abin da ya auku, kuma babu makawa sai an yi shi. Cire abin da ya auku a sa wanda bai auku ba wani abu ne daban. Nonon da aka surka da ruwa yana iya yi wa wani daɗin sha, kuma babu laifi a sayar da shi haka in an faɗa. Ɓoyewar ce ke mayar da shi algus.

Akwai wata fuskar matsalar da masoya ba su cika lura da ita ba: ingancin naɗi yana juya hukuncin da ake yi wa wasan kansa. Grateful Dead sun yi wasanni sama da 2,300 tsakanin 1965 da 1995, sun bar masoya suna naɗa suna musayar kaset, har a 1984 suka ware musu wuri na musamman a zaure. A cikin wannan tarin, wasan Barton Hall na Jami'ar Cornell, ranar 8 ga Mayu, 1977, shi ya fi yin suna, kuma a 2012 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da sa shi cikin rajistar sautukan tarihi na ƙasa. Injiniyar ƙungiyar, Betty Cantor-Jackson, ita ta naɗe shi da haɗin sautinta na daban, kuma tef ɗin nata ya bazu ne bayan an yi gwanjon kayan da ta ajiye a wani sito a 1986. Tsofaffin masoya da yawa suna cewa wasan Boston na daren da ya gabata da na Buffalo na washegari ba su gaza shi ba, sunansa ya samo asali ne daga kasancewarsa kaset mai tsabta da ya shiga hannun kowa da wuri. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba, batunsu ya nuna cewa mai cewa "wannan shi ne wasansu mafi kyau" sau da yawa yana yabon aikin injiniya ne bai sani ba. Daren da aka yi bajinta amma tef ya lalace ba ya shiga gasar.

Saboda haka tambayoyi uku ne masoya ke cakuɗawa idan suna musu: ko makaɗan sun yi rawar gani a daren, ko naɗin ya ɗauko su da kyau, da ko abin da ke kan faifan shi ne abin da suka kaɗa. Ta farko da ta biyu na kunne ne da ɗanɗano, kuma saɓani a kansu ba ya ƙarewa. Ta uku tambaya ce ta gaskiya da ƙarya, tana da amsa, kuma amsar tana hannun makaɗa da furodusa. Made in Japan na Deep Purple, wanda Martin Birch ya naɗa a Osaka da Tokyo daga 15 zuwa 17 ga Agusta, 1972, ya nuna cewa ana iya samun duka ukun: an fitar da shi ba tare da sake kaɗa komai ba, duk da cewa mawaƙinsu Ian Gillan bai gamsu da muryarsa ba. Pearl Jam sun bi wata hanyar, suka fitar da wasanni 72 na rangadinsu na shekarar 2000, kowanne a faifansa, mai kyau da mai rauni. Su kuwa Thin Lizzy, sai a 2023 aka fitar da cikakkun wasannin da aka tsamo Live and Dangerous daga cikinsu, abin da ya ba kowa damar kwatantawa da kunnensa. Bayanin abin da aka sake yi a sutudiyo haƙƙin wanda ya sayi faifan ne tun 1978, kuma layi biyu a bayan kwalin sun isa su sauke shi.