Shin Mai Tatsuniya Maƙaryaci Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, tambayata ita ce: tun da addini ya haramta ƙarya, mene ne matsayin tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya da dare a Batsari ko Safana? Ni dai a ganina ba ta yi laifi ba, hujjata kuwa tana cikin ginin labarin kansa.

Masu nazarin labari sun bambanta abin da aka faɗa da shingen da aka kewaye shi da shi. Tsohuwa takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", har ta amsa da bakinta cewa ƙarya ta shara. Mutanen Farisa ma haka suke yi: sukan fara da cewa akwai wani, babu wani, wani lokaci su ƙare da cewa labarin ƙarya ne. Wanda ya sanar da kai kuwa bai yaudare ka ba.

Amma a labari cikin labari ne gizo ke saƙar. A littafin Tuti-nama, wanda Nakshabi ya rubuta da Farisanci wajen 1330, aku ya yi dare 52 yana ba matar ubangidansa labari don kada ta fita wurin kwarto. Haka kuma Abubakar Imam, wanda ya yi karatu da koyarwa a Katsina, ya sa aku ya tsare Musa ɗan sarki daga makircin Waziri a Magana Jari Ce (1937). Duka biyun sun ɓoye nufinsu ga mai sauraro. To, mayaudara ne? Na ce a'a, domin sun hana mai sauraron faɗawa cikin sharri. Hadisi ma bai kira mai sulhunta mutane maƙaryaci ba.

Labarin da nake tsoro shi ne marar shinge, mai farawa da "an ce". Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gefen dajin Rugu, jita-jitar cewa wane yana kai musu rahoto tana iya jawo wa bawan Allah kisa, ba shaida, ba alƙali. Saboda haka kafin mu ɗauki labari mu kai gaba, mu tambaya: wa ya faɗa, don me, kuma wa zai cutu? Allah ya sa mu dace.