Jemage Tsuntsu Ne Ko Dabba?

'Yan'uwa, kowa ya san jemage. Yana tashi kamar tsuntsu, amma ba shi da gashin tsuntsu, yana da haƙora, yana haihuwa, yana kuwa ba ɗansa nono. To, ina za mu sa shi?

Littafin Firistoci sura 11 ya lissafta shi tare da tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci, gama zancen abinci ake yi, an kuwa kasa halitta bisa ga irin tafiyarta. A 1758 wani masani na ƙasar Suwidin, Linne, ya tara dukan masu ba da nono a aji ɗaya, jemage yana ciki. A 1859 Darwin na Ingila ya kawo dalili, ya ce kamannin jiki alamar dangantaka ce. Ƙasusuwan fiffiken jemage su ne na hannun mutum, yatsa biyar, sai dai huɗu sun yi tsawo, fata ta haɗa su. A ganinsa kakansu ɗaya ne, amma hannun ya sāke kaɗan kaɗan cikin tsararraki masu yawa.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A Ostareliya akwai wata dabbar ruwa, platifus, mai baki kamar na agwagwa, tana yin ƙwai, tana kuma ba da nono. Sa'anda fatarta ta kai London, masani George Shaw ya dudduba ta a 1799, yana tsammani ko wani ne ya ɗinka bakin don zamba. Sai a 1884 William Caldwell ya tabbatar tana yin ƙwai. Masana sun ce zuriyarta ta rabu da ta sauran masu ba da nono tun kakanninsu suna yin ƙwai.

Ga tambayar da ta shafe mu. Idan halitta ta ƙi shiga ajin da muka shirya, ita za mu musanta ko ajin za mu gyara? Masana sun gyara nasu, sun kuwa kyauta. Masu bi sun sha bamban a kan koyarwar Darwin, amma 'ya'yanmu suna karanta ta a makaranta. In mun ce musu jemage ba ya ba da nono domin mu tsare Littafi, ran da suka gani da idonsu za su yi shakkar sauran maganarmu. Bari mu faɗa musu abin da yake, gama wanda ya yi jemage ba ya bukatar ƙaryarmu.