Yawon Buɗe Ido: Me Baƙo Ke Nema a Bakin Rijiyar Kusugu?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya hore ta ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya san Daura ya san yadda garin ke cika da baƙi lokacin hawan Salla, da kuma watan Rabi'ul Awwal sa'ad da ake Sallar Gani. Akwai 'yan makaranta da malamansu suka ciko mota da su daga Kano ko Zariya, akwai mutanen Nijar da suka shigo ta Kwangwalam, jefi-jefi kuma a ga Bature da na'urar ɗaukar hoto rataye a wuya. In an gama kallon dawaki a ƙofar fada, sai a nufi rijiyar Kusugu, a leƙa, a saurari labarin Bayajida, wasu su sha ruwan, wasu su ɗura a gora su tafi da shi gida. Wannan zirga-zirga ta daɗe tana jawo gardama a zaurukan karatu. Wani ya ce ɓata lokaci ne da dukiya, al'adar Turawa ce aka aro. Wani ya ce abin ya fi haka muni, ƙofar shirka ce. Wani kuwa ya ce ai ilimi ne. Tambayar ta ƙara nauyi tun da tafiya ta yi sauƙi, har 'ya'yan wannan masarauta da Allah Ya buɗa wa sukan je Masar ko Turai ba don aikin hajji ko fatauci ko karatu ba, sai don su gani kawai.

Malaman fiƙihu ba su ɗauki tafiya abu guda ba. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da zai yi barid huɗu, watau mil 48, sunna ne ya yi ƙasaru. Amma Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya fitar da mutum biyu daga wannan rangwame: wanda ya fita don saɓon Allah, da wanda ya fita don wargi. Masu sharhi sun ce na farko ƙasaru haramun ne gare shi, na biyu makaruhi, suka kuma ba da misali da mai fita farauta don nishaɗi ba don neman abinci ba. Ashe ke nan tun kafin a ƙera jirgin sama malamai sun san akwai tafiyar da babu zunubi bayyananne a cikinta, amma ba ta kai darajar da shari'a za ta sauƙaƙa wa mai yin ta ba. Abin da ya rage shi ne a san ko yawon buɗe ido yana cikin wannan aji.

Masu hanawa sukan kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na mutumin da ya nemi izinin siyaha, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa siyahar wannan al'umma jihadi ne. Kalmar kuwa ita ce Larabawan yau ke kiran yawon buɗe ido da ita, daga nan ruɗanin ya samo asali. Siyahar da mutumin ke nufi ita ce barin gida da iyali a shiga daji da sunan ibada, yadda ruhubanawa ke yi. Ita aka hana. Ɗora hukuncin tsohuwar ma'ana a kan sabuwa kuskure ne da ɗalibin lugga bai kamata ya yi ba. Alƙur'ani kuwa ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa a wurare da dama, kamar aya ta 137 ta Suratu Ali Imrana, da ta 11 ta Suratul An'ami, da ta 20 ta Suratul Ankabuti. Sai dai duk inda umurnin ya zo a waɗannan ayoyi, an haɗa shi da dubawa: a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, ko a dubi yadda aka fari halitta. Abin da ake so dubawar ta haifar Larabci na kiransa ibra, asalin kalmar kuwa ƙetarewa ne, kamar yadda ake ƙetare kogi. Mai lura yana ƙetarewa daga abin da idonsa ya gani zuwa abin da ke bayansa. Mai kallo yana nan tsaye a gaɓar da ya iso.

Annabi da kansa ya nuna yadda ake tsayawa a kufai. A shekara ta 9 bayan Hijira, a hanyar yaƙin Tabuka, rundunar Musulmi ta bi ta Hijir, gidajen Samudawa mutanen Annabi Salihu. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen waɗannan da aka halaka sai suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Waɗanda suka riga suka ɗebi ruwa a rijiyoyin wurin ya sa suka zubar, ƙullun da suka kwaɓa aka ba raƙuma, ya ce a ɗiba a rijiyar da taguwar Salihu ke sha. Bai ce a rushe gidajen ba, bai ce a cike rijiyoyin ba. Abin da ya tsare shi ne halin zuciyar mai shiga. Wannan wuri, da ake kira Mada'in Salihu, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, Saudiyya kuma ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019, saboda haka mas'alar ba ta Daura kaɗai ba ce.

Daura dai ba Hijir ba ce. Ba ƙasar azaba ba ce, garin Musulmi ne, ruwan Kusugu kuma ruwa ne mai tsarki kamar na kowace rijiya, a sha a yi alwala. Wanda ya ce shan sa haramun ne ya faɗi abin da ba shi da dalili a kai. Hatsarin yana wurin mai gora. In ya ɗura ne don ya nuna wa 'yan gida tsarabar Daura, babu kome. In kuwa ya ƙudurta cewa ruwan na ba da haihuwa ko buɗe kasuwa, to ya jingina wa rijiya abin da nassi bai jingina mata ba, domin ruwan da hadisi ya tabbatar wa irin wannan falala shi ne Zamzam. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare itacen da aka yi mubaya'ar Ridwanu a ƙarƙashinsa, da ya ji mutane sun fara zuwa salla a gindinsa. In an yi wa wannan itace haka, ina ga rijiyar Kusugu?

Amma masu gora ba su ne mafi yawa ba. Mafi yawa su ne masu tsayawa su juya wa rijiyar baya, su ɗauki hoton fuskarsu, su wuce. Waɗannan ba su yi shirka ba, ba su kuma samu kome ba, alhali labarin da ake ba su yana da abin ƙetarewa a ciki. An ce baƙo ne ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu, domin macijin da ke cikin rijiya ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Sunan macijin kuwa Sarki. Baƙon ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da gari ya waye, sai ga masu da'awar su suka kashe shi, har aka nemi kai, aka same shi wurin baƙo. Magajiya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga zuriyar baƙon aka ce Hausa Bakwai suka fito: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Masana tarihi ba su ɗauki wannan labari a matsayin abin da ya auku daki-daki ba, kuma ambaton Juma'a a cikinsa ya isa ya nuna cewa ya bi ta bakin Musulmi kafin ya iso yau. Wannan bai rage masa amfani ba. Mutanen da suka riƙe shi ƙarni bayan ƙarni sun zaɓi su fara tarihinsu da wani mai ƙarfi da ya zauna a kan ruwan jama'a, yana ba su kwana ɗaya cikin bakwai, har suka saba suka ɗauka haka duniya take. Sun kuma ajiye a cikinsa masu zuwa da safe su ci ladan aikin da ba su yi ba. Shari'a ta sa ruwa cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu, ta yi gargaɗi mai tsanani ga mai hana matafiyi rarar ruwa. Ma'aikacin da aka ba kuɗin gina rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Baure ko Sandamu, ya gina rabi ya cinye rabi, in ya tsaya a bakin Kusugu ya saurara da kyau, ai zai gane a wane gefen labarin yake. Wannan ita ce ibra, kuma ba a buƙatar a gaskata cewa macijin ya taɓa rayuwa kafin a same ta.

Haka abin yake ga wanda ya yi nisa. A ɗauki ƙasar Cek, wadda ta rabu da Sulobakiya a farkon 1993, ƙasar da baƙi ke tururuwa zuwa babban birninta, Farag, don ganin gadar da aka fara ginawa a 1357 da agogon taurari na 1410. Abin sha'awa ga ɗalibin Larabci shi ne, ɗaya daga cikin bayanai mafi daɗewa game da wannan birni da Larabci aka rubuta shi. Ibrahim ɗan Yaƙubu, Bayahude mutumin Andalus, ya ziyarce shi wajen 965, Al-Bakri kuma ya adana abin da ya rubuta. Gabas da Farag akwai garin Kutna Hora, wanda ya yi arziki da haƙar azurfa. A gefensa, a Sedlek, akwai wata ƙaramar majami'a da aka ƙawata cikinta da ƙasusuwan mutane kamar 40,000. Yadda suka taru kuwa, an ce a 1278 wani shugaban ruhubanawa ya kawo ƙasa daga Baitul Muƙaddas ya barbaɗa a maƙabartar, sai kowa ya so a binne shi a nan don neman albarka, sa'an nan annoba da yaƙe-yaƙe suka cika ta har ta rasa wuri. A 1870 aka sa wani masassaƙi ya jera ƙasusuwan, har da fitilar rataye da aka haɗa da su.

Musulmi ba ya yarda da yin ado da ƙashin mamaci, domin hadisi ya daidaita karya ƙashin matacce da karya na mai rai. Amma baƙo a ƙasar mutane ba alƙalinsu ba ne, abin da za a tambaye shi shi ne yadda shi ya tsaya a wurin. Masu kula da majami'ar, waɗanda suka ce an jera ƙasusuwan ne don tuna mutuwa, sun ƙuntata ɗaukar hoto tun 2020, saboda baƙi na wasa da ƙoƙunan kai suna ɗaukar kansu suna dariya. Watau abin da Annabi ya tsare a Hijir, su ma sun gano shi da kansu bayan sun ga abin da mai kallo ke aikatawa. In a cikin masu dariyar aka samu Musulmi, wanda aka karanta masa hadisin Tabuka tun yana zaure, abin kunyar ya ninka.

Akwai wata magana mai ƙarfi da dattawa ke yi, cewa in dai tuna mutuwa ake so, maƙabartar gari ba ta buƙatar biza, kuɗin jirgin kuma zai ciyar da unguwa. Rabin maganar gaskiya ne. Wanda ke da bashi a kansa, ko maƙwabcinsa ke kwana da yunwa, ko bai sauke faralin hajji ba alhali yana da hali, tafiyarsa ta kallo almubazzaranci ce kome sunan da ya sa mata. Ɗaya rabin kuwa shi ne, ido yakan mutu a kan abin da ya saba gani. Mutumin Daura da ke wucewa ta Kusugu kullum a hanyar kasuwa ya fi baƙo wuyar jin labarin, shi ya sa Imamu Gazali, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya lissafa fita don ganin ayoyin Allah a bayan ƙasa cikin tafiyar neman ilimi.

Su ma masu masauki akwai nasu nauyin. Mai ba da labari a bakin rijiya amana ce a hannunsa. In ya ƙara gishiri don baƙo ya ƙara kyauta, ko ya ce ruwan na maganin abin da ba ya magani, ya sayar da ƙarya, zunubin mai gora kuma yana da kaso a ciki. Ya ce haka aka gada daga magabata, ya tsaya nan, ya fi masa.

Game da ƙasaru kuwa, tsakanin Kano da Daura ya wuce mil 48. Malamin da ya kawo ɗalibansa don su san tarihin ƙasarsu su yi tunani a kai, tafiyarsu ta ilimi ce, su sallaci azahar raka'a biyu in sun yi jam'insu su kaɗai, muddin ba su yi niyyar zaman kwana huɗu ba. In sun bi limamin gari, su cika huɗu tare da shi. Wanda ya san a ransa cewa wargi kaɗai ya fito da shi, a mazhabar Malikiyya cikawa ta fi masa, ko da yake Hanafawa ba su duba dalilin tafiya a wannan babi, nisa kawai suke dubawa.