Kafin Mu Haƙa Harsashi



Abin godiya ne ga Allah idan majami'a ta yi wa jama'arta kaɗan. Ranar Lahadi a kan ga waɗansu a tsaye bakin taga, iyaye mata da goyo suna bin Misa daga gindin bishiya, da damina kuwa sai wanda ya riga zuwa. A irin wannan hali ne zuciya kan yi zafi. Kwamiti ya zauna, wani mai hali ya yi alkawarin siminti, Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin ɗebo ruwa, kafin a ankara tifa ta juye yashi. Sai gini ya kai linta, kuɗi sun ƙare, sa'an nan mu tuna cewa muna da Bishop.

Ikilisiya ba ta bar wannan al'amari ga ra'ayin kowa ba. Littafin Dokokin Ikilisiya, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a shekara ta 1983, ya hana a gina majami'a sai da yardar Bishop na dayosis, kuma a rubuce. Doka ta 1215 ke nan. Mu lura da kalmar nan, a rubuce. Idan Baba Bishop ya kawo mana ziyara, muka nuna masa fili, ya yi murmushi ya ce Allah ya taimaka, addu'a ya yi mana. Izini bai fito ba tukuna. Haka kuma yardar Fada ba ta isa ba, komai kirkinsa. Shi ne wakilin farish a gaban doka, amma yau yana nan, gobe an yi masa canji, ginin kuwa yana nan da bashinsa.

Kada mu ɗauki wannan a kan raini. Sarki Dawuda ma ya yi niyyar gina wa Ubangiji Haikali, da zuciya ɗaya. Da farko annabi Natan ya goyi bayansa, amma a daren nan maganar Allah ta zo cewa ba shi ne zai gina ba, ɗansa ne (2 Sama'ila 7). Dawuda bai yi fushi ya ce dukiyarsa ce ba. Ya shiga tara dutse da ƙarfe da katako, ya bar wa Sulemanu aikin.

Shi Bishop kansa doka ba ta sake masa hannu ba. Kafin ya sa hannu, wajibi ne ya ji ta bakin Majalisar Firistoci da shugabannin majami'un da ke maƙwabtaka da mu, don kada sabuwa ta kwashe wa tsohuwa jama'a, ko ta zama tutar rabuwa tsakanin unguwa da unguwa, ko ƙabila da ƙabila. Sa'an nan ya auna abu biyu: ko ginin zai amfani rayuka, da kuma ko akwai abin da za a kammala shi, a kuma riƙe sujada a cikinsa. Wannan na biyu shi ne inda yawancinmu kan yi tuntuɓe. Ubangijinmu ya ba da misalin mai ginin hasumiya wanda bai zauna ya yi lissafi ba, ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a ga masu wucewa (Luka 14). Dukanmu mun san irin waɗannan kangaye: bulo ya yi baƙi, rodi ya yi tsatsa, awaki na kwana inda aka ce bagade zai tsaya. Kuɗin da ke cikinsu kuwa na gwauraye ne da manoma, waɗanda suka sayar da buhun masara suka kawo a bikin godiyar kaka.

Batun fili ya fi kowanne zafi. Dattijo kan ba da gona kyauta da baki, Allah ya yi masa rasuwa, magada su taso su ce ba su san zancen ba. A Nijeriya, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya ba da takardarsa. Mu nemi takarda, da sunan Ikilisiya, ba da sunan shugaban kwamiti ko na Katikis ba, kuma mu nemi izinin hukumar tsara gari inda ake bukatarsa.

To, me za mu kai wa Bishop? Wasiƙa ta hannun Fada, bayan ya yi shawara da kwamitin kuɗi na farish, wanda doka ta 537 ta wajabta a kafa. A haɗa da takardun fili, da zanen gini daga ƙwararren mai zane, da ƙiyasin kuɗi na gaskiya, da bayanin abin da ke hannu da inda sauran zai fito. Kada mu rage lissafi don a yi saurin yarda. Farashin siminti ba ya jiran kowa. Za a duba zanen, domin majami'ar Katolika ba zauren taro ba ce. Dole a san mazaunin bagade, da wurin karatun Maganar Allah, da wurin baftisma, da inda za a ajiye Jikin Kristi.

Ko da ba sabuwar majami'a ba ce, a ce gidan Fada ne, ko makaranta, ko faɗaɗa tsohon gini, duk kashe kuɗin da ya wuce hidimar yau da kullum yana bukatar izini a rubuce bisa doka ta 1281, in ba haka ba yarjejeniyar da aka ƙulla ba ta da ƙarfi a idon Ikilisiya. Kuɗin da aka tara da sunan gini kuma ba a karkatar da su ga wata hidima, ko da mai kyau ce.

Amsa takan jinkirta, wani lokaci ta zo da gyara: a rage girman ginin, ko a yi shi kashi-kashi. A lokacin jiran nan ba a hana mu tara kuɗi a asusun farish ba, ko shirya takardu. Mu kuma yi tunani sosai a kan sunan da za mu roƙa wa majami'ar, gama ranar da Bishop ya shafe bagade da bango da Man Krisma ya keɓe ta ga Allah, sunan nan ba ya sake canzawa.