Nuna Ƙazanta da Faɗar Gaskiya a Finafinan Shaye-shaye

Rufin asiri yana cikin manyan abubuwan da Bahaushe yake roƙo wurin Ubangijinsa. Akwai kuwa wani reshe na sinima wanda aikinsa duka shi ne yaye wannan sutura: ya shiga lungunan manyan birane, ya kafa na'urar ɗaukar hoto gaban mashayin ƙwaya, ya nuna allura tana huda jijiya, ya nuna amai da makyarkyata. Masu shirya irin waɗannan finafinai suna cewa gaskiya suke faɗa, gaskiya kuma ɗaci gare ta. To, amma yawan ƙazantar da aka nuna shi ne ma'aunin gaskiyar?

Mu ɗauki Christiane F., wanda Uli Edel ya fitar a Jamus ta Yamma a 1981. Labarin wata yarinya ce ta birnin Berlin, wadda ta fara shan heroyin tana da shekara 13, ta kai ga sayar da jikinta a kewayen tashar jirgin ƙasa ta Zoo tana da 14. Asalinsa littafi ne da ƴan jarida biyu na mujallar Stern suka fitar a 1978 daga hirarrakinsu da ita. Gargaɗi aka nufa da shi, kuma ba a ɓoye kome ba, har makewayin tashar da gawar matashi a ciki. Duk da haka tashar ta zama wurin ziyarar matasa, waɗansu ƴan mata ma suka shiga kwaikwayon shigar yarinyar. Dalili bai da wuyar ganewa. Ƙazantar tana nan, sai dai an lulluɓe ta da waƙoƙin David Bowie, da fitilun dare, da kyakkyawar fuska. Kunne ya warware abin da ido ya ƙulla. Shekara goma kafin nan, Jerry Schatzberg ya shirya The Panic in Needle Park a kan mashayan birnin New York ba tare da kiɗa ko kaɗan ba, sai jira, da ƙarya, da bashi, har budurwa ta tona asirin saurayinta wurin ƴan sanda. Wannan rayuwa ba ta ba kowa sha'awa.

Kada a ɗauka ina nufin a ɓoye daɗin abin. A 1996, Bob Dole, ɗan takarar shugabancin Amurka, ya zargi Trainspotting da ƙawata shaye-shaye, daga baya ya amsa cewa bai ma kalle shi ba. Laifin fim ɗin, a ganin masu suka, shi ne ya yarda cewa samarin Edinburgh suna jin daɗin abin da suke sha. Ni kuwa nan nake ganin ƙarfinsa. Duk malamin da ya taɓa yi wa ɗaliban lise nasiha ya san cewa ranar da ka ce musu babu kome cikin ƙwaya sai azaba, ranar suke daina saurarenka, domin akwai wanda ya ɗanɗana a cikinsu. Saboda fim ɗin bai yi ƙarya a kan daɗin ba, mai kallo yakan gaskata shi sa'ad da jaririya ta mutu a ɗaki manya suna kwance cikin maye.

Requiem for a Dream na Darren Aronofsky (2000) ya bi wata hanya: kowa sai da ya sha bulala. An yanke hannun wannan, an ɗaure wancan, an wulaƙanta budurwa. Mai kallo yakan fito yana cewa Allah ya kiyaye, yana jin kansa tsarkakakke, alhali bai ƙaru da sanin kome ba game da maƙwabcinsa. Abin da ya ceci fim ɗin ita ce uwar, wadda mijinta ya rasu, ba ta da abokin hira sai talabijin, likita ya rubuta mata ƙwayar rage ƙiba don ta shiga wata jar riga. Ita ce ta fi kusa da mu. Ɗan kabu-kabu ko lebura da ke haɗiyar tramol da asuba ba nishaɗi yake nema ba, ƙarfin kai wa magariba yake nema. Fim ɗin da ya nuna faɗuwarsa bai nuna wunin aikinsa ba, rabin magana ya faɗa.

Saura kuma haƙƙin wanda aka ɗauki hotonsa, domin asirinsa ne aka saye da kuɗin tikiti. Nabil Ayouch ya shirya Ali Zaoua da yaran titin Kasablanka na gaske, masu shaƙar sholisho, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 2001. Bai tsaya ga tsummokaransu ba. Ya ba su mafarkin wani tsibiri mai rana biyu, da niyyar yi wa abokinsu jana'iza irin ta ɗan sarki. Haka Aisha Maki ta yi a Zinder (2021), ko da yake ba shaye-shaye ne kan maganarta ba: ta shiga unguwar Kara-Kara ta garinsu, ta zauna da samarin da Damagaram take tsoro, ta bar su suka yi magana da bakinsu.