Kuɗin Haya a Garin Ɗakin Allah

Da zarar watan Zulƙida ya ƙarato, akwai 'yan haya a Makka da ke fara ɗaure kaya. Yarjejeniyarsu ta wata goma ce: mai gida ya sassauta musu kuɗi, su kuma su ba shi wuri lokacin aikin Hajji ya zuba alhazai. A naɗe katifu, a kife tukwane cikin buhu, a raba yara gidajen dangi. Hausawa mazauna garin, waɗanda kakannin wasunsu suka yi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ba baƙin wannan al'ada ba ne, musamman a unguwanni irin su Misfala da Shara Mansur.

Sai dai akwai tambayar da ta girmi wannan ciniki: shin ya ma halatta a karɓi kuɗin haya a Makka?

Tushen saɓanin aya ta 25 ce a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazauni da baƙo a Masallacin Harami. Wasu magabata sun fahimci hukuncin ya game garin duka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a sa wa gidajen Makka ƙofofi, domin mahajjaci ya sauka a kowane tsakar gida ya samu. Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa gwamnansa ya hana karɓar haya, Imam Abu Hanifa kuma ya ƙi a karɓe ta daga alhazai lokacin Hajji.

Imam Shafi'i bai yarda ba. A Masallacin Khaifi da ke Mina ya yi muƙabala da Ishaƙ ɗan Rahawaihi, Imam Ahmad na zaune yana saurare. Shafi'i ya kawo hadisin Usama ɗan Zaid, wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko zai sauka a gidansa na Makka, Manzon ya amsa da cewa ɗan baffansa Aƙilu bai bar musu gida ba, wato ya gaji gidajen ya sayar. Ke nan ana gadon gidajen, ana kuma sayar da su. Ya ƙara da cewa Sayyidina Umar da kansa ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 ya mai da shi gidan yari. Ishaƙ ya tsaya a kan ayar. Ahmad ya bi tsakiya: a mallaka, a gada, amma kada a bayar haya.

A aikace ra'ayin Shafi'i ne ya yi rinjaye. Dogon bene mai agogo da ke kusa da Harami, wanda ya kai mita 601, otal-otal ne a ciki, kuma filinsa waƙafi ne na Harami. Yarjejeniyar haya a Saudiyya yau ana yi mata rajista a dandalin Ejar na gwamnati.

Duk da haka hujjar Ishaƙ ba ta mutu ba, wanda take karewa ne ya sauya. A da ana tsoron mazauni ya rufe wa baƙo ƙofa. Yanzu mazauni marar ƙarfi ne ke fita domin baƙon da ya fi shi kuɗi, alhali ayar ta ambace su tare. Halaccin haya ya ba mai gida damar karɓar haƙƙinsa, amma bai sauke masa nauyin tsohuwar da ta shekara ashirin a ɗakinsa ba, ko magidancin da ke tsoron kai ƙara saboda iƙamarsa ta ƙare.

Malaman tafsiri sun ce Suhailu ɗan Amru ne ya fara sa wa gidansa ƙofa a Makka. Sayyidina Umar ya aika masa, Suhailu ya ba da hanzari cewa shi ɗan kasuwa ne, dabbobinsa yake son tsarewa, sannan aka ƙyale shi. A wancan zamani mai gida ne ke neman uzuri kafin ya rufe ƙofa. A bana ma, kafin alhazan farko su sauka Jidda, wani ɗan haya zai miƙa makulli ya ɗora katifarsa a bayan mota.